Fin da bushin na eskabeta: na kamfani, ɗan Chaina, Beljiyam ko na gida?

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da eskabeta tana loda wa tifa yashi ya san ƙarar nan. Bokiti ya sauka ƙwal, ya ɗago ƙwal, in direba ya juya hannu sai ka ga bokitin yana gyaɗa kai kamar ƙadangare a kan katanga. Ka yi magana, direba ya leƙo ta taga ya ce, "Oga, ai tana aiki." Kuma gaskiyarsa, tana aikin. Sai ranar da makaniki ya zare fin, wato sandar ƙarfen da ke haɗa gaɓar, ya ajiye maka a kan kwali, ka ga tsakiyarsa ta rame kamar ƙugun zanzaro, sannan ya jero maka farashi kala huɗu: na kamfani, ɗan Chaina, Beljiyam, ko a kai wa masu fere ƙarfe su yi sabo. Wanda ya tsinci kansa a nan, yana ta lissafi ya kasa yanke shawara, shi nake yi wa wannan rubutu.

Zan fi tsayawa a kan injina masu nauyin tan 20 ko kusa da haka, irin su CAT 320, Komatsu PC200 da Hitachi ZX200. Su aka fi gani a hannun 'yan kwangila da masu ba da haya a nan Kano, kuma su na fi sani. Kaurin fin ɗin bokitinsu milimita 80 ne. Daga gindin bum, wato babban dantsen da ke manne da jikin injin, zuwa bokiti akwai fin sama da goma, kuma ba aiki ɗaya suke yi ba, saboda haka ba dole ne amsa ɗaya ta dace da su duka ba.

Abin da za ka duba kafin ka ji farashi

Kowace gaɓa abu uku ne: fin, bushin da fin ke juyawa a cikinsa, da ramin da aka dasa bushin ɗin, wanda makanikai ke ce wa gida. An yi bushin ne don ya mutu a madadin gidansa. Shi ne mai araha, fin na biye masa, gida kuwa jikin hannun injin ne ko kunnen bokiti, ba a zuwa shago a sayo shi. Abu na farko ke nan da za ka tambaya: gidan nan da sauransa? Idan an fitar da tsohon bushin da ƙyar, sai da guduma da walda, alhamdu lillahi, gida lafiya lau. Idan kuwa ya zame ya faɗo da kansa, ko ka ga bayansa yana sheƙi alamar ya daɗe yana juyawa a ciki, ramin ya buɗe. A sa ma'aunin baniya, mai bakin nan biyu da ke auna kauri da faɗin rami, a auna shi sama da ƙasa, a sake aunawa hagu da dama. In awon biyu ya bambanta, ramin ya zama ƙwai, kuma ko bushin zinariya ka saka ba zai zauna ba.

Na biyu shi ne taurin ƙarfen. Fin na kirki kamar rake yake, bawo mai tauri, ciki mai ɗan sassauci. Ana yin sa da ƙarfe irin 42CrMo ko 40Cr, sannan a ƙona fatarsa kaɗai da wutar lantarki har ta kai taurin da ake rubutawa HRC 55 zuwa 60, zurfin 'yan milimitoci. Fatar ce ke jure gogayya, cikin kuma shi ke shanye duka. Fin ɗin da ba a taurara ba zai cinye da wuri ko ya lanƙwashe. Wanda aka taurara har zuciya zai karye kamar kwalba, ba tare da sallama ba.

Na uku, awo. Tsakanin sabon fin da sabon bushin ana barin 'yar tazara da ba ta kai rabin milimita ba, don giris ya samu wurin zama. Littattafan kamfanoni da yawa suna cewa in tazarar ta kai milimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a canza. Ka duba na injinka. Milimita ɗaya kamar ba komai ba ce, amma daga fin ɗin bokiti zuwa bakin haƙori kusan mita ɗaya da rabi ne, tsakanin fin biyun bokitin kuma bai kai rabin mita ba, don haka wasan yana ninkuwa kusan sau uku kafin ya isa haƙori. Haɗa da na sauran gaɓoɓin. Shi ya sa direba mai hannu zai yanka maka kwalbati ka ga gindinta kamar an yi da fartanya.

Na huɗu, kuɗi, amma kuɗin duka. Kuɗin kaya, kuɗin makaniki, kuɗin lobed, motar da ke ɗaukar inji, in sai an ɗauko injin daga daji, da kwanakin da zai yi a tsaye. Ɗauki abin da injinka ke shigowa da shi a wuni, ka ninka da kwanakin gyara, ka ɗora a kan farashin kowane zaɓi duk lokacin da za a sake kwance gaɓar. Ba zan rubuta farashin naira a nan ba. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, farashin kayan da ake shigowa da su ya sha sauyawa, abin da na faɗa yau zai iya zama ƙarya kafin ka je kasuwa.

Na ƙarshe shi ne haɗari, wato me zai faru in wannan fin ya ba da kai. Na bokiti in ya karye, bokiti ya rataye, aiki ya tsaya. Na gindin bum ko na tsakanin bum da hannu in ya karye ana loda tifa, akwai direban tifa da yaransa a ƙasa.

Akwai kuma abin da ya shafi garinmu. Ƙwayar yashi ta fi ƙarfen da aka taurara tauri. Daga Nuwamba zuwa wajen Maris iska na kwaso mana ƙura tun daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, da damina kuma masu ɗiban yashi a Chalawa da Wudil bokitinsu cikin ruwa yake wuni. Yashi in ya haɗu da giris ya zama abin wasa wuƙa. Fin ɗin da zai shekara a wata ƙasa, a nan sai ka ga ya gaji da wuri, ko da na kirki ne.

Na kamfani

Wannan shi ne wanda ke zuwa da lambar kamfanin da ya ƙera injin, ta hannun dillalinsa, kamar yadda Mantrac ke riƙe da kayan Caterpillar a Najeriya. Babu dogon bayani a kansa. Awo daidai, tauri daidai, ramin giris yana inda ya kamata, kuma in ka ba da lambar injinka ba za a kawo maka na wani ba. Shi ne mafi tsada, da tazara mai yawa. In babu a ƙasa sai an yi oda, wani lokaci ka jira makonni.

Abu ɗaya da ba kowa ya lura da shi ba: wasu injinan suna zuwa da bushin na musamman mai riƙe mai a jikinsa. Hitachi na da wanda suke kira HN, an yi shi ne don a ɗauki awa 500 kafin a sake ɗura giris a gaɓoɓin bum da hannu. In ka cire irin wannan ka saka bushin ƙarfe zalla, ba laifi, amma sai ka gaya wa direba lissafi ya canza. In ya ci gaba da jiran awa 500, cikin 'yan makonni gaɓar za ta fara kuka.

Haɗarinsa ɗaya ne, jabu a cikin kwalin asali. Kwali mai launin rawaya ba shaida ba ne. In za ka biya kuɗin na kamfani, ka saya a inda za a ba ka rasit ɗin kamfani.

Na kasuwa, wanda muke ce wa ɗan Chaina

Nan ne maganar take, don nan yawancinmu muke ƙarewa. Sunan ma bai yi adalci ba. A ƙarƙashinsa akwai kayan Koriya, na Turkiyya, na Italiya, na Indiya, da na Chaina kala-kala, daga wanda bai da maraba da na kamfani zuwa wanda rodi ne kawai aka goge ya yi ƙyalli. Za ka same su a Ƙofar Ruwa da Sabon Gari, abin da babu kuma a kira Ladipo a Legas a ɗoro a mota, gobe ko jibi ya iso. Sauƙin samu babu kamarsa. Farashi kuma ya kan yi ƙasa da na kamfani sosai.

Ni ma na sha a nan. Wata shekara muna aikin yashi, bokiti ya yi lako-lako, na shiga wani shago na ɗauko fin biyu da bushin huɗu, masu sheƙi kamar madubi, a farashin da ya sa na yi ta yi wa kaina kirari a hanya. Aka ɗaura. Ba a rufa wata biyu ba ƙarar ta dawo, ta ma fi ta da. Wani dattijon makaniki da ya yi aiki da mahaifina ya zo ya zare fin ɗin, ya juya shi a hannu, ya ɗauko magagari daga aljihun rigar aikinsa ya goga sau biyu a gefe. Garin ƙarfe ya zubo kamar ana kankare sabulu.

Na ce, "Baba, ai sabo ne."

Ya ce, "Sabo ne mana, ɗana. Wuta ce dai bai taɓa gani ba."

Bai tsaya nan ba. Ya zura hannu ya taɓa bushin, sai ga shi yana juyawa a gidansa. Bayansa bai cika awo ba tun farko, ni kuma ban auna ba, shi ma yaron da ya ɗaura bai ce komai ba da ya ga ya shige da bugu biyu. Kuɗin da na ce na rage, na biya shi ninki wajen gyaran bakin hannun injin, ban da kwana biyar da muka yi a tsaye.

Tun daga ranar ba na zuwa sayen fin sai da magagari da baniya. Gwajin ba wuya. Goga magagari a inda bushin zai hau: in ya zame yana ƙara siririya bai kama ba, an taurara. In ya ci, ajiye musu kayansu. Yi wa cikin bushin haka. Sannan ka auna kaurin fin a wuri uku, ka auna bayan bushin ka gwada da awon gidan da ka zo da shi a rubuce. Dole bushin ya ɗara ramin da ɗan kaɗan, abin da bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin goma na milimita ba, don matsewar ce kaɗai ke riƙe shi. Zura fin a cikin bushin a nan gaban mai shago. Ya kamata ya shiga sumul, in ka girgiza ka ji motsi kaɗan, ba ƙwal-ƙwal ba. Duba ramin giris, ka hura ka ji iska ta fita, don ana samun wanda aka bar garin ƙarfe a ciki. Mai kayan kirki ba ya jin haushin magagari. Wanda ya ce kada ka ɓata masa kaya ya riga ya ba ka amsa.

Magagari dai fata kawai yake gaya maka, ba ya faɗin zurfin taurin ko irin ƙarfen da ke ciki. Shi ya sa nake yarda da na kasuwa a bokiti da linki, wato ƙarafan da ke juya bokitin, amma nake jan ƙafa in aka zo gindin bum, sai in na san mai kawo kayan na kuma ga yadda irinsu suka yi a injin wani.

Kada ka raba saye. Sabon bushin a kan tsohon fin mai gargada zai cinye cikin ɗan lokaci, sabon fin a tsohon bushin ma haka. Ka haɗa da sil ɗin ƙura na bakin bushin da robar nan mai zagaye da ke rufe tsakanin hannu da kunnen bokiti. Su ne mafi araha a cikin kayan, su ne kuma aka fi mantawa da su.

Beljiyam

Fin ɗin da aka ciro daga injin da aka yanka a Turai ko a nan gida. Abin da ke jan mutane shi ne ƙarfen na asali ne, kuma haka ne. Na gindin bum da na silinda, bututun man nan da ke ɗaga bum da hannu, sukan zo da sauran rai sosai, don gaɓoɓin nan ba sa shan ƙasa kamar bokiti. In ka samu wanda baniya ta nuna kaurinsa ɗaya ne daga farko har ƙarshe, babu tsatsa mai rami, babu alamar walda, ka yi sa'a, kuma ni zan fifita shi a kan sabon da ban san asalinsa ba.

Na bokiti kuwa da wuya ka samu mai kyau, don shi ne ke fara mutuwa a kowace ƙasa. Bushin Beljiyam kuma kada ma ka fara. Bushin da aka taɓa dasawa aka tumɓuke ya riga ya rasa matsewarsa. Sai ka kula da tsawo da wurin kulle: fin ɗin Komatsu da na CAT za su iya zama 80 dukansu, amma tsawonsu da ramin ƙusar da ke riƙe su ba ɗaya ba. Je da tsohon naka a buhu. Sayen Beljiyam ta waya cinikin biri a sama ne.

Na gida, wanda ake ferewa

A Kano akwai masu injin fere ƙarfe da hannunsu ya faɗa, a Ƙofar Ruwa, Dakata, Sharaɗa da Bompai. Ka kai tsohon fin da safe, la'asar ka karɓi sabo. Wajen awo, gwani zai ba ka abin da ka ce. Kuma suna da wata fa'ida da babu mai ita: za su iya yi maka bushin da bayansa ya ɗara na asali, don ramin da ya ɗan buɗe amma bai zama ƙwai ba. Ga tsohon inji da kayansa suka ɓace a kasuwa, ko ƙaramar eskabeta da ba a san kamfaninta ba, wani lokaci su kaɗai ne mafita.

Matsalar ba hannu ba ce, ƙarfe ne da wuta. Tambayi mai ferewar da me zai yi. In rodi ne na gama-gari, ba ya ɗaukar tauri ko an ƙona shi an tsoma a baƙin mai, don sinadarin da ke sa ƙarfe tauri ya yi masa kaɗan. In tsohuwar sandar silinda ce, ƙarfen ba laifi, amma ferewar za ta kwashe fatar da ke da ƙarfin. Haka in aka ɗauko fin mai 90 aka mayar da shi 80: milimita biyar aka cire ta kowane gefe, taurin ya tafi cikin tarkacen da ke ƙasan injin. Ga ƙananan injina, shaf ɗin tayar babbar mota yana ba da fin mai dama-dama. Ƙonawa da wutar gas a tsoma a mai kuma sa'a ce, wani gefe ya yi tauri wani bai yi ba, wani lokaci ya tsage a ciki ba ka gani.

Sai abin da na fi ƙi: a cike tsohon fin da walda a sake fere shi. Zafin walda yana kashe taurin da ya rage, yana kuma barin tsaga a ɓoye. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. In dole ta sa, a bokiti kawai, don a ƙarasa aikin mako, kuma ka riga ka yi odar na gaske.

In gidan ne ya tafi

A nan zaɓi huɗun da ke sama duk ba su da amfani sai an fara gyara ramin. Hanya ta gari ita ce wadda ake kira layin borin: a cike cikin ramin da walda, a zura doguwar sanda mai wuƙa ta ratsa kunnuwan biyu a lokaci ɗaya, a fere su su dawo awon asali a kan layi guda. Akwai injin tafi-da-gidanka da ake kaiwa har wurin aiki. Da tsada, kuma yana cin wuni ɗaya ko biyu, amma in an yi shi da kyau gaɓar ta koma sabuwa. Ga kunnen bokiti, wani lokaci ya fi sauƙi a yanke tsohon gidan a walda sabo, muddin an zura fin a ciki lokacin waldar don kada layi ya kauce. Ramuka biyu da ba sa kallon juna za su cinye kowane irin fin ta gefe ɗaya.

Abin da ake yi a gefen hanya, a naɗe bushin da gwangwani ko a ɗana masa walda a baki don ya tsaya, ba ya kai ko'ina. Walda ba ta riƙe ƙarfen da aka taurara, tana tsagewa.

Akwai kuma fin mai buɗewa, irin na kamfanin Expander na ƙasar Suwidin. Bakinsa biyu a fiƙe suke, da zoben ƙarfe da ke buɗewa in an ɗaure ƙusa har ya cike kunnen da ya buɗe, ba walda ba ferewa. Dabara ce mai kyau, amma kunnuwan waje kaɗai yake gyarawa, ba gidan bushin na tsakiya ba. Sai an yi oda da awo daga waje, da kuɗin waje, kuma sai an riƙa sake ɗaure shi bayan an fara aiki.

| Zaɓi | Kuɗin saye | Ƙarko | Samu a Kano | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Na kamfani | Mafi tsada | Mafi daɗewa | Wani lokaci sai oda | Jabu a kwalin asali |
| Na kasuwa mai kyau | Matsakaici | Kusa da na kamfani a bokiti | Da sauƙi | Ba ka ganin cikin ƙarfen |
| Na kasuwa na banza | Araha | Makonni ko 'yan watanni | Ko'ina | Yana cinye gida |
| Beljiyam, fin kaɗai | Matsakaici zuwa araha | Ya danganta da sauran ransa | Sai an yi yawo | Tsawo ko kulle bai dace ba |
| Na gida | Araha | Gajere, sai in ƙarfen na kirki ne | Wuni ɗaya | Rashin tauri ko karyewa |
| Layin borin da sabbin kaya | Tsada | Kamar sabo | Sai an nemi gwani | Layi ya kauce |
| Fin mai buɗewa | Tsada | Mai kyau a kunnuwa | Oda daga waje | Jira, da mantuwar ɗauri |

Ɗaurawa da giris suna iya sauya teburin nan

Bushin na kamfani da aka buga da gudumar fasa dutse har bakinsa ya tauye bai fi na banza ba. Hanyar cire tsoho ita ce a ja layin walda biyu ko uku a cikinsa, in ya huce sai ya tsuke ya fito da sauƙi. Sabon kuma a kwana da shi a firiza. Mu da wuta ba ta zama, wajen masu ƙanƙara muke kaiwa a leda. Sanyin firiza ba ya rage masa ko kashi ɗaya cikin goma na milimita, amma wannan ɗin yana rage wahala, musamman in an ɗan ɗumama gidan. A ja shi da doguwar ƙusa da faranti ko a tura da jak, a tabbatar ramin giris ɗinsa ya kalli nifil, wato ɗan kan da ake ɗura giris ta cikinsa. Wasan gefe kuma a cike shi da shim, wato siraran faifan ƙarfe, kada a bar bokiti yana zamewa hagu da dama yana buɗe wa ƙasa ƙofa. Kada kowa ya zura yatsa a rami don duba ko ya daidaita, kada kuma a bugi fin da guduma kai tsaye, ɓarɓashinsa yana tashi kamar harsashi.

Giris kuwa, nemi mai lamba EP2, in da hali mai sinadarin moli a ciki, baƙin nan, don shi ke jure nauyi a gaɓar da ke juyawa a hankali. Gaɓoɓin bokiti kullum ne, ko duk awa goma. In cikin ruwa aka wuni, safe da yamma. A ajiye bokiti a ƙasa, a goge kan nifil, a ɗura har sai tsohon giris ya fito ta gefe ya turo ƙasar da ta shiga. Nifil ɗin da ya ƙi karɓa ba a tsallake shi a ce gobe. Ni na daina tambayar direba ko ya ɗura. Ina zagayawa in duba gefen gaɓa: in babu danshin sabon giris, na san amsar. Sannan ina ƙirga kwanakin da bokitin giris ke yi. In ya yi wata bai taɓu ba, akwai magana, in ya ƙare a kwana uku ma akwai wata maganar.

Wa ya kamata ya ɗauki wanne

In injinka sabo ne ko bai daɗe da shigowa ba, kana aikin kwangila mai wa'adi irin na titi ko gada inda tsayuwar wuni ɗaya ke jawo maka surutu, sa na kamfani a gindin bum, tsakanin bum da hannu, da silindoji. Bokiti da linki za ka iya sa na kasuwa mai kyau ba tare da fargaba ba.

In haya kake bayarwa kuma injin ya kwana biyu, kamar yawancinmu, na kasuwa da ya ci jarrabawar magagari da baniya shi ne naka a bokiti da linki, Beljiyam mai cikakken awo da sabon bushin a manyan gaɓoɓi. Ajiye saiti ɗaya na bokiti a akwatin injin.

Mai aikin yashi a Chalawa ko Wudil, kada ka zuba kuɗin na kamfani a bokiti, yashi ba ya duba kwali. Sayi matsakaici, ka canza da wuri kafin ya taɓa gida, kuɗin da ya ragu ka sa a sil da giris.

Mai ɗaura gudumar fasa dutse a injinsa ya nisanci na gida da duk fin ɗin da bai san cikinsa ba, don bugun da ke fasa dutsen yana dawowa ta fin ɗin nan. Na kamfani, ko na kasuwa da aka riga aka gwada a irin aikin.

Mai ƙaramar eskabeta da ke haƙa fandisho da sokawe a unguwanni, na gida zai iya riƙe ka, in ka zaɓi ƙarfen da kanka ka kuma tsaya aka auna a gabanka.

Wanda inji ya tsaya masa a daji ana saura kwana uku a miƙa aiki, a fere masa na gida ya ƙarasa, ya cire shi ranar da injin ya dawo gari. Wanda kuma bushin ɗinsa ya faɗo da kansa lokacin kwancewa, ya mayar da kuɗin fin aljihu tukuna, ya fara kiran mai layin borin ya zo da baniyarsa.